Ranar da Na Kai Farantina Asibiti

Ko da tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu a Roni, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na miƙe tsaye gaban mutum kusan talatin a asibiti a Kazaure, na gyara mayafi, na yi jawabi kamar mai neman kujerar kansila ba. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na rufe fuska. Maigidana ya ce in daina ba da labarin nan, wai ina zubar wa gidanmu da mutunci. Na ce masa ai mutuncin tun ranar ya zube a kan siminti, kuma kowa ya ji ƙararsa.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ni malamar lissafi ce a wata firamare, shekara goma sha biyu ke nan ina riƙe da alli. Kuma ba yabon kai ba (to, yabon kai ne, ku yi haƙuri), duk makarantarmu babu wanda ya kai ni iya koyar da rabi da kwata da sulusi. Ina da wata tambaya da duk ɗan aji huɗu ya haddace. Da zarar yaro ya ce min rabi ya fi kwata girma, sai in riƙe ƙugu in ce, "Rabin me? Rabin goro ya fi kwatan kankana?" Ku riƙe min tambayar nan, za mu neme ta nan gaba.

Shekara huɗu da suka wuce aka gano ina da ciwon da likitoci ke kira baifola. Mutanen unguwa sun riga likita raɗa masa suna, daga mai cewa iska sai mai cewa sammu. Yadda yake shi ne, wani lokaci ya ɗaga mutum sama har ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa, wani lokaci kuma ya jefa shi can ƙasan rijiya. Da ya ɗaga ni, kwana biyar na yi barci bai zo ba, ni ma ban neme shi ba. Na sayo koren fenti na shafe ajinmu kaf (har da allon, da taga guda), na kuma sanar da hedimasta cewa zan buɗe jami'a a bayan gidanmu, in yana so zan ɗauke shi aiki. Da ya sauke ni kuwa, wata uku na yi a kwance, ko kitson 'yata Ummi ban iya yi ba. Wannan ɓangaren babu abin dariya a cikinsa. Ranar da magani ya fara kama jikina na zaunar da ita ina tsefe mata kai, sai ta waiwayo ta kalle ni ta ce, "Mama, kin dawo?" Shekararta huɗu a lokacin. Na yi kuka ranar, na kuma yi wa kaina alkawarin ba za ta sake yi min wannan tambayar ba.

Maganin ya yi min rana, ba zan ci amanarsa ba. Ya dawo min da barcina, ya dawo min da ajina, hedimasta ma ya daina canza hanya idan ya hango ni. Sai dai bai zo shi kaɗai ba, ya taho da baƙuwa, wato yunwa. Ba irin yunwar da kuka sani ba ce. Sai in karya kumallo, in wanke hannu, kafin hannun ya bushe cikina ya fara tambayar yaushe za a karya kumallo. Mai awarar bakin makarantarmu ta kai ga tana hango ni take fara zubawa, ba sai na yi magana ba. Idan na dawo gida akwai fura, bayan fura akwai ɗumame, bayan la'asar ga lemon kwalba mai sanyi wai don in huce gajiya. A shekara biyu na tashi daga kilo hamsin da bakwai na koma tamanin da ɗaya.

Mutum ɗaya ce tak ta yi murna, ita ce Innarmu da ke Gwiwa. Duk zuwan da na yi sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Masha Allahu, yanzu kika zama mace. Da can kamar sillen kara, ana ganinki a ce ba a ba ki nono ba." Sannan ta dama min fura a ƙwarya mafi girma. Sauran jama'a kuwa kowa da irin nasa. Telana ya fara cewa, "Malama, a ƙaro yadi ɗaya saboda tsaro." Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe da fara'arta ta ce, "Yaushe za mu sha suna?" Na ce mata ba juna biyu ba ne, tuwo ne. Gwiwoyina suka fara ƙara idan zan tashi daga sallaya, matakala uku na ofishin hedimasta sai na tsaya na huta a ta biyu kamar ina duba waya.

A nan ne wani tunani ya fara yi min raɗa: ai kin warke, me ya rage? Ajiye ƙwayar nan ki koma yadda kike. Na san ƙarya ne, don an sha gaya mana ciwon nan ba ya tafiya, kwanciya yake yi. Amma duk ranar da zip ɗin riga ya ƙi hawa sai raɗar ta ƙara ƙarfi. Gaba kura baya sayaki ke nan. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidan.

Ana cikin haka asibitin da nake karɓar magani suka fara tara mu a baranda kafin ganin likita, wata nas tana yi mana bayani a kan abinci. Sunanta Sista Rabi (wallahi sunanta ke nan, ba ni na raɗa mata don labarin ya yi daɗi ba). 'Yar siririya ce, mai sanyin murya, kuma tana da wata ɗabi'a ta ƙin saka Turanci a magana saboda tsofaffin da ke cikinmu. Ranar farko na makara, motar Roni ta ɗauki lokaci kafin ta cika, don haka a bayan taro na tsaya, muryarta kawai nake ji.

"Ba mu ce ku zauna da yunwa ba," in ji ta. "Ku ɗauki faranti ɗaya. Ku raba shi gida biyu. Rabi ku cika shi da ganye, zogale ne, rama ce, kabeji ne, duk abin da ya samu. Ragowar rabin ku sake raba shi. Kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko ƙwai. Faranti ɗaya, babu ƙari. Bayan wata uku kowa ya taho da farantinsa mu gani."

Da na ji rabi da kwata sai na ji kamar an kira sunana. Wata mata a gefena ta ce ita fa ba ta gane ba, na dube ta da tausayi na ce, "Ba wuya, Hajiya, lissafi ne." Ko tsayawa tambaya ban yi ba. Daga baya aka gaya min wai Sista Rabi tana riƙe da farantin a hannunta tana nunawa, amma daga inda nake kawunan mutane kawai nake gani.

To a nan ya kamata in yi muku bayanin yadda ake kiran kayan abinci a gidanmu. Akwai kwano, akwai langa, akwai kula. 'Yan ƙananan nan na tangaran da ake zuba wa baƙo shinkafa, filet muke ce musu. Idan aka ce faranti kuwa, abu ɗaya ake nufi: farantin da Inna ta saka min a kayan ɗaki, na ƙarfe, mai zanen ɗawisu a tsakiya. Shi ne wanda maƙwabta ke aikowa aro idan ana suna, mata takwas su zagaye shi su ci su ƙoshi har a rage wa yara. Ba ya shiga ƙofar kicin sai an karkata shi.

Zan so in ce muku tsakani da Allah na yi kuskuren. Gaskiyar magana ita ce, a cikin mota muna hanyar komawa wata 'yar murya ta ce min, anya ba filet take nufi ba? Sai cikina ya amsa mata da cewa, da filet take nufi ai da filet za ta ce, baiwar Allah ta ce faranti, ke wace ce da za ki gyara wa ma'aikaciyar lafiya magana? Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Kafin mu iso Roni an gama shari'ar, ciki ya yi nasara.

Ina isa gida na sauko da farantin daga saman kabet na wanke shi. Na ɗauko rula da zare na nemo tsakiyarsa daidai, a kan wuyan ɗawisun ya faɗa. Sannan na tono ragowar koren fentin nan na zamanin jami'a, na ja layi ɗaya ya raba shi biyu, na ja wani ya raba rabin. Na ma rubuta a gefe da ƙananan haruffa: ganye, tuwo, wake. Da na ja baya na kalle shi, wallahi sai da na ji ƙwalla don jin daɗi. Na ce duk cikin masu zuwa asibitin nan babu wanda zai bi doka kamar ni.

Da aka sauke tuwon rana na fara aiki da ilimi. Malmala ɗaya na saka a gidan tuwo, sai ta zauna a lungu ita kaɗai kamar baƙuwa. Na ƙara ta biyu, har yanzu da fili. Sai da ta uku ta shiga kwatan ya cika. Da can malmala biyu nake ci, ga shi dokar rage cin abinci ta ƙara min guda, kuma ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba. Cewa na yi, ashe dama ban ci yadda likitoci ke so ba. Gidan wake ya cinye rabin tukunya. Gidan ganye kuwa sai da na yi kwaɗon zogale cikin roba guda, na zuba masa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har yana sheƙi, don ai ba a ce kar a saka ba.

Maigidana ya shigo ya tarar da ni zaune a tabarma ni da faranti. Ya tsaya ya duba ɗakin, ya leƙa tsakar gida.

"Maman Ummi, baƙi muka yi ne?"

"Babu baƙi. Abincin asibiti ne."

Ya durƙusa ya karanta rubutun gefen, ya kalli malmala ukun, ya kalle ni. "Anya kuwa haka suka ce?"

"Abban Ummi, kai ka je asibitin ko ni?"

"Ke ce."

"Tsakanina da kai wa ke koyar da rabi da kwata?"

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji shi. Ya ɗauki 'yar langarsa ya koma zaure. Mutumin kirki ne, shekara huɗu yana tuna min lokacin shan magani bai taɓa gajiya ba, amma ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Haka na yi wata uku. Kuma ku shaida, ban taɓa yin ƙari ba ko sau ɗaya. Faranti ɗaya aka ce, faranti ɗaya nake ci, ko da zai ɗauke ni daga azahar zuwa la'asar ina hutawa a tsakani. Bishiyar zogalen gidanmu na tsige ta tas, na koma ta maƙwabta, har wata ta tambaye ni ko awaki na fara kiwo. A makaranta kuwa na zama mai wa'azi. Duk malamar da na gani da fanke sai in girgiza kai in ce, "Ku dai ba ku san tsarin faranti ba." Na ma zana musu shi a allon ofis.

Sai dai rigunan ba su ji wa'azin ba. Wadda take shiga da ƙyar ta daina shiga gaba ɗaya. Ana saura sati in koma asibiti na hau sikeli a wani kemis, na ga tamanin da biyar. Na sauka na cire takalmi da mayafi na sake hawa, sikelin bai ji tausayina ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce na bi dokarsu da rula, na ci ganye har na kusa yin kukan tunkiya, ga sakamakon. Ashe ba abinci ba ne, maganin ne kawai. A wurin na yanke shawara: ranar Laraba zan je in faɗa musu a gaban kowa cewa na bar shan magani, kuma zan tafi da farantina ya zama shaida. Har jawabin na rubuta a bayan littafin shirya darasi.

Ranar Laraba na naɗe farantin a tsohon zani na fita tasha. Direba ya gwada saka shi a but ya ƙi zama saboda buhunan da ke ciki, dole na rungume shi a kujerar baya, gefensa ɗaya a cinyata ɗaya a cinyar wani dattijo. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi ƙara kamar ana kiran yara makaranta. Dattijon ya daure har muka wuce duwatsu, sannan ya ce, "Hajiya, biki ake yi a Kazauren?" Na ce masa, "Asibiti za ni, Baba." Ya ɗan matsa jikin ƙofa.

Wannan karon da wuri na isa. Na jingina ƙunshina da bango na zauna a bencin gaba. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga Babura, kowa Iya yake ce mata, jikarta take rakowa karɓar magani kuma bakinta ba ya shiru. Na lura ban ga kowa da kaya ba, daga mai 'yar jaka sai mai leda. A raina na ce ka ga Hausawa, an ce su zo da faranti duk sun manta, ni kaɗai ce mai bin umarni.

Sista Rabi ta yi sallama, ta tambayi jikinmu, ta ce ko akwai mai son ya fara faɗin yadda ya ji da tsarin. Kafin ta rufe baki hannuna yana sama.

Na miƙe na gyara mayafi. Na ce, "Sista, da farko ina gaisuwa. Ni malamar lissafi ce, shekara goma sha ɗaya." (Har yau ban san me ya kai ni faɗin wannan ba.) "Tsarin da kika ba mu babu wanda ya bi shi kamar ni. Da rula na auna. Rabi ganye, kwata tuwo, kwata wake, ban taɓa ƙari ba. Wata uku cur. Kilo huɗu na ƙara. Saboda haka, da girmamawa, wannan lissafin naku bai fita ba. Kuma ina so in sanar da ku, ni da maganin nan daga yau mun raba gari."

Wasu suka fara gyaɗa kai, wani mutum a baya ya ce shi ma fa abin na damunsa. Na ji kaina ya ƙara girma. Sista Rabi ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Na ji, Malama, kuma za mu yi maganar maganin ni da ke da likita. Amma kin zo da farantin?"

"Ga shi kuwa."

"To kowa ya fito da nasa mu gani."

Sai na ga hannaye suna shiga jaka. Wannan ta zaro ɗan filet na roba, wancan ya zaro na tangaran, jikar Iya ta fito da wani ɗan ƙarami mai fure daga cikin leda. Babu wanda ya wuce tafin hannu biyu. A lokacin na riga na kama bakin zanin na fara warwarewa, kuma babu hanyar komawa. Na so in ce na manta nawa a gida, wannan na wata ce ta ba ni saƙo, amma zanin ya zame da kansa. Ɗawisu ya bayyana, da koren layi a wuyansa, da rubutuna a gefe.

Iya ce ta fara magana. Ta leƙo ta ƙare masa kallo, ta ce, "'Yar nan, ku nawa ne ke ci a ciki?"

Da wata murya da ban san ina da ita ba na ce, "Ni kaɗai ce, Iya."

"La'ilaha illallahu," in ji Iya. "Kilo huɗu kawai kika ƙara? Ai ke Allah ya rufa miki asiri."

Sista Rabi ta tako a hankali, tana cije leɓe, ta ɗora nata filet ɗin a gidan da na rubuta tuwo. Ya zauna daram, gaba ɗayansa, har da ragowar fili a gefe da za a iya ajiye kofi. Wato abincin da aka ce in ci duka, da ganyensa da wakensa, bai cika kwatan tuwona ba. Ta ɗago ta dube ni da wannan sanyin muryar ta ce, "Rabin daidai ne, Malama, kwatan ma daidai ne. Amma rabin me?"

Tambayata. Tawa ta kaina, wadda na shekara goma sha ɗaya ina tsorata 'ya'yan mutane da ita. Hannuna ya saki. Farantin ya faɗi a kan siminti, kuma wanda ya san farantin ƙarfe ya san ba ya faɗuwa ya yi shiru. Ya yi ƙara, ya tashi a kan gefensa, ya gangara tsakiyar baranda yana juyi yana kuka, kamar ba zai taɓa tsayawa ba. Mai gadi ya leƙo, likita ya buɗe ƙofa ya fito da biro a hannu. Sai da ya kwanta sannan dariyar ta fashe. Mutumin da ya goyi bayana ɗazu har da riƙe ciki. Iya tana share hawaye tana cewa, "Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ke naki idon ina ya tafi?" Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Da na rasa abin yi sai ni ma na fashe da dariya, ina yi hawaye na zuba, ban san na kunya ne ko na me ba.

Bayan an watse Sista Rabi ta ja ni ofis. A nan babu dariya. Ta ce, "Gaya min gaskiya, kin riga kin daina sha?" Na ce a'a, ko na jiya na sha, yau ne dai na yi niyyar bari. Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi. Ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, ita ma daga yau za ta riƙa cewa ƙaramin faranti, ta kuma ɗaga shi sama yadda na baya za su gani.

Likitan ma bai yi min faɗa ba. Ya ce yunwar da nake ji gaskiya ce, maganin ne ke kawo ta, ba kwaɗayi ba ne kuma ba rashin tarbiyya ba. Wannan maganar kaɗai ta sauke min wani nauyi da sikeli ba ya aunawa. Ya ce amma in na yanke magani da kaina, ciwon zai iya dawowa fiye da da, kuma a lokacin ba maganar riga za a yi ba. Idan nauyin ya ƙi tsayawa akwai abin da za su iya dubawa, ko yawan maganin ko irinsa, amma tare za mu yi, a hankali. Ya tura ni gwajin suga da hawan jini. Yana magana ina tuna Ummi da tambayarta. Saura ƙiris in mayar da yarinyar nan inda na yi alkawarin ba za ta koma ba, saboda na ƙi tambayar girman faranti.

Da na dawo gida da farantin a rungume, maigidan yana zaure. Ya kalle ni ya kalli ƙunshin ya ce, "Yaya, sun yaba?" Na ce masa idan yana son zaman lafiya kar ya sake tambaya. Bai sake ba, amma na ji shi yana dariya shi kaɗai har da tari. Washegari ya dawo daga kasuwa da ɗan filet fari ya ajiye min a kan kabet.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo da sauƙi ba. Satin farko idan na kalli rabin malmala a lungun filet sai in ji kamar an yi min rashin adalci. Na koyi shan ruwa kafin in zauna, na koyi ajiye gurji da karas da goba kusa saboda yunwar la'asar, na rage man kwaɗo, lemon kwalba kuma sai ranar biki. Fura ina sha, amma a kofi, abin da har yau Inna take ɗauka a matsayin cin mutunci. Makaranta da ƙafa nake zuwa yanzu, mai awara tana hango ni ta kau da kai kamar mun yi faɗa. A shekara guda kilo bakwai suka tafi. Ban koma sillen kara ba, ba na kuma tsammanin zan koma, amma ina hawa matakalar hedimasta ba tare da na duba waya ba.

Farantin ya koma aikinsa na suna, sai dai fentin ya ƙi fita. Yanzu duk unguwa idan za a aiko aro cewa ake a ba da farantin likita, kuma an ce masu ci har faɗa suke a kan wa zai zauna ta gidan wake. A asibiti kuwa Iya ba ta san sunana ba har yau, Mai Ɗawisu take kira na tun daga bakin ƙofa.

Har yanzu ina yi wa 'yan aji huɗu tambayata, amma na daina riƙe ƙugu. Abin da na koya shi ne, idan aka ba ka doka ka ji ta yi maka daɗi fiye da kima, to koma ka sake tambaya, wataƙila cikinka ne ya yi maka tafinta. Ƙwayar maganin kuwa tana nan ina sha kullum, ita ko faranti ba ta buƙata. Jiya ma na yi wa Ummi kitso, babu abin da ta tambaye ni sai dai in daina ja mata gashi.